Kaset ɗin Yaya ya kai ni Jamaika

Jirginmu ya sauka a Kingston da la'asar sakaliya, bayan kusan awa goma a sama daga Landan. Filin jirgin yana kan wani siririn zirin ƙasa da ya miƙe cikin teku, ruwa dama ruwa hagu, har sai da na ga kamar a kan ruwan za mu dira. Aiki ne ya kawo ni, taron kwana uku a jami'ar da ke unguwar Mona, amma tun a Kano na nemi a ƙara mini kwana huɗu daga cikin hutuna. Dalilin ƙarin yana cikin aljihun jakata: wani tsohon kaset mai minti 90, an jera sunayen waƙoƙin rege a bayansa da jan biro. Rubutun yayana ne, Allah ya jiƙansa.

Yaya tela ne, shagonsa a Fagge. A ƙarshen shekarun 1980, ina ɗan firamare, in an tashi makaranta can nake wucewa in yi ta saka maɓalli da hura dutsen guga. Akwai rakoda mai cin batir shida a kan kanta. Da safe Shata ne ko Ɗan Maraya, amma da rana ta take, aiki ya yi aiki, sai Yaya ya ce, "Kai, juya mana Rasta." Masu ɗaukar kaset na Bata ne suka haɗa masa shi yadda ya zaɓa. Fuskar farko akwai Bob Marley da Peter Tosh da Burning Spear da Alpha Blondy da Majek Fashek, fuska ta biyu kuwa kusan duk Lucky Dube ne. Ba wanda yake jin Turancin sosai a shagon. Kiɗan ne yake tafiya daidai da ƙafar mai taka keke, sauran kuma kowa ya cike da abin da zuciyarsa ta ba shi.

Direban da ya ɗauke ni daga filin jirgi dattijo ne mai furfura, kuma shi na riƙe har ranar da na bar ƙasar. Da ya ji daga Najeriya nake, sunan da ya fara fitowa daga bakinsa Burna Boy ne, ya ce jikokinsa sun hana shi sakat da shi. Na ce masa ni Bob Marley na zo nema. Ya gyaɗa kai kamar wanda ya ji wannan magana sau dubu, ya ce zai kai ni, amma in sani cewa shi a wurinsa ba a yi murya kamar ta Dennis Brown ba. Kuma gaskiya ne, a kwana bakwai da na yi ban cika jin Marley a titi ba sai inda baƙi ke taruwa. Motocin haya masu jan lamba da ƙananan bas-bas kiɗan samari suke zubawa, wanda suke kira dancehall, mai sauri da zafin baki. Abin da ya fi ba ni mamaki shi ne safiyar Lahadi, da na ji Jim Reeves da Kenny Rogers suna tashi daga gidaje, irin waƙoƙin da manyan yayyenmu 'yan boko suke saurare a Kano.

Ƙasar ba ta yi mini baƙunta yadda na zata ba. Mutanenta gaba ɗaya ba su kai miliyan uku ba, wato birnin Kano kaɗai ya fi su. A daren farko aka kawo mini wani jan abin sha mai sanyi, ina kurɓa na ce zoɓo ne, har da cittarsa da kanumfari. Suna da goro, suna busar da shi su gurza su yi shayi da shi don magani, suna ce masa bisi. Ga doya, ga kuɓewa, ga rake. Turancinsu na gida, Patwa, ɗan'uwan brokan Sabon Gari ne, kuma in za su ce a ci abinci sai su ce "nyam", wanda duk mai jin Fulatanci zai gane ba tare da tafinta ba.

Ranar Alhamis da safe muka nufi Trench Town. Unguwa ce a yammacin Kingston, gefen da talakawa suke. Katangun langa-langa, akuyoyi a bakin hanya, yara suna buga ƙwallo ba takalmi, bango ko'ina zanen mawaƙa da na samarin da aka rasa. A shekarun 1940 gwamnati ta gina gidaje a nan, ɗakuna a jere kewaye da tsakar gida ɗaya, famfo ɗaya, madafi ɗaya, makewayi na kowa da kowa. Ina sa ƙafa a gidan da aka mayar wurin tarihi a titin Lower First na tsaya cak. Gidan haya ne. Irin wanda Yaya ya zauna da iyalinsa a Kurna, inda in an ɗora tukunya a ɗaki ɗaya kowa ya san abin da ke ciki, in kuma ba a ɗora ba kowa ya sani.

Wata mata 'yar unguwar ce ta zagaya da ni. Ta nuna mini ɗan ɗakin girki inda Marley yake kwana lokacin da ba shi da wurin kwana, da wata tsohuwar jita, da gawar motarsa ƙirar Volkswagen da tsatsa ta cinye a tsakar gida. Ta ce mai ɗakin, Vincent Ford, mutum ne da yake dafa abinci yana ciyar da yaran unguwa, daga baya ciwon suga ya raba shi da ƙafafunsa. Sunansa aka rubuta a faifai a matsayin mawallafin No Woman No Cry, don haka kuɗin waƙar ya riƙa zuwa hannunsa.

Sai na gaya mata yadda muke fassara sunan waƙar a shagon Yaya: ba mace, ba kuka. Wato in ka rabu da mata ka huta. Duk saurayin da aka hana shi budurwa a layinmu, ita ake sa masa a ba shi haƙuri.

Ta girgiza kai ta ce, "A'a ɗan'uwana. Da matar yake magana. Cewa yake, haba baiwar Allah, kar ki yi kuka."

Ta zaunar da ni a ƙarƙashin bishiya ta bi mini waƙar daki-daki da bakinsu. Mutum ne zai yi tafiya, yana tuna wa matar zamansu a wannan tsakar gidan: abokan da suka yi, da waɗanda mutuwa ta ɗauke, da wutar icen da ake kwana ana hurawa, da kunun masara da suke raba kwano ɗaya. Ba shi da abin hawa sai ƙafarsa, amma ta share hawaye, komai zai daidaita. Shekara talatin da wani abu ina jin wannan waƙa, sai a ranar na san ta lallashi ce. Kuma sai matar Yaya ta faɗo mini a rai, shekarar da tsarin tsuke bakin aljihu na Babangida, wato SAP, ya kwantar da kasuwa, ɗinki ya ɗauke, ta kwashe kwanukan jerenta ta sayar don kada a ɗauke keken ɗinki a bakin bashi. Na daɗe a zaune ban ce komai ba, matar ma ba ta matsa mini ba.

Daga nan muka haura gari zuwa lamba 56 a titin Hope, gidan da Marley ya koma bayan ya samu. Tazarar ba ta da yawa a mota, amma duniya biyu ce. A kan titin nan ofishin firaminista yake. An hana ɗaukar hoto a ciki. Na ga ɗakin kwanansa, da rigarsa ta jins da yake hawa dandamali da ita, da ramukan harsashi a bangon ɗakin baya. Ranar 3 ga Disamba 1976 'yan bindiga suka shigo gidan ana tsakiyar rikicin zaɓe, suka harbe shi a hannu da ƙirji, suka sami matarsa Rita a ka, suka ji wa manajansa mummunan rauni. Bayan kwana biyu ya hau dandamali ya yi wasan da aka shirya, sannan ya bar ƙasar, ya je Landan ya yi faifan Exodus a 1977. Da ya dawo, a wasan zaman lafiya na Afrilun 1978, ya kira Michael Manley da Edward Seaga, shugabannin jam'iyyun da yaransu ke kashe juna, ya haɗa hannuwansu a gaban jama'a.

Duk da haka, in aka ce in zaɓi ɗaya, Peter Tosh zan ɗauka, kuma zuwana Jamaika bai canza wannan ba. A wancan wasan na 1978, kafin Marley ya hau, Tosh ya tsaya ya wanke 'yan siyasar tas suna zaune a gabansa, bayan 'yan watanni kuma ya sha dukan kawo wuƙa a hannun 'yan sanda. Waƙarsa Equal Rights ta 1977 maganarta ɗaya ce: kowa na kiran a zauna lafiya, ba mai kiran a yi adalci. Mu 'yan gidan PRP ne, hoton Malam Aminu Kano yana rataye a zauren mahaifinmu har ya rasu, don haka wannan magana ba baƙuwa ba ce a kunnena. Muryar Tosh ba ta roƙo. Kamar mai karanta hukunci yake waƙa. 'Yan bindiga suka kashe shi a gidansa ranar 11 ga Satumba 1987. Kabarinsa yana Belmont, can yammacin tsibirin, kuma rashin isa wurin shi ne abin da ya fi tsaya mini a rai a tafiyar.

Akwai maganar da ba zan tsallake ba, don na san mai karatu Bahaushe yana riƙe da ita. A garinmu in aka ce Rasta, abin da ke zuwa ran mutane gashin dada ne da tabar wiwi. Mahaifinmu bai taɓa son kaset ɗin nan ba, kuma yana da hujjarsa. Wiwi kam na shaƙi warinta a Kingston har na gaji, a wurinsu ma wani ɓangare ne na ibada. Aƙidarsu kuma ta ɗaukaka Sarkin Habasha Haile Selassie, wanda sunansa kafin naɗinsa a 1930 shi ne Ras Tafari, zuwa matsayin da Musulmi ba zai taɓa yarda a ba ɗan Adam ba. Da ya ziyarci Jamaika a Afrilun 1966, jama'a suka mamaye filin jirgin nan da na sauka har ya kasa fitowa na wani lokaci. Shi kansa Kirista ne ɗan cocin Habasha, bai ce shi abin bauta ba ne. Ni dai tun ina saurayi na raba wa kaina abin: inda suke kiran Selassie na bar musu, inda suke maganar azzalumi da yunwa da marayu na kasa kunne. Abin da na ƙaru da shi a can shi ne fahimtar yadda aka yi suka kai ga haka. Mutanen da aka raba da harshensu da sunayen kakanninsu, aka ce musu baƙar fata ba ta taɓa yin sarki ba, sai ga labarin baƙin sarki a ƙasar da Turawa suka kasa mallaka. Ban yarda da inda suka kai shi ba, amma na ga ramin da suke ƙoƙarin cikewa.

Ranar Juma'a na yi salla a babban masallacin Kingston. Musulmi 'yan tsiraru ne, wasu jikokin Indiyawa, wasu waɗanda suka musulunta, da 'yan Afirka ɗai-ɗai. Ina zaune kafin huɗuba sai tunanin Abubakar Siddiƙ ya zo mini, wanda na karanta labarinsa kafin in taso. Haifaffen Tumbuktu ne, ɗan gidan malamai, aka kama shi a yaƙi yana saurayi aka sayar, ya yi kusan shekara talatin yana bauta a Jamaika. A nan Kingston yake riƙe wa ubangidansa lissafi da haruffan Larabci, har aka 'yanta shi a 1834. A tarihin da ya rubuta da hannunsa ya ambaci Katsina da Barno, ya ce sunan mahaifiyarsa Hafsatu, amma da Hausa ana kiranta Nagode. Ɗan Nagode ya taka titunan nan shekara ɗari biyu kafin ni, ba masallaci, ba mai amsa masa sallama a fili.

Da yamma na leƙa titin Orange, inda a da shagunan faifai suke jere. Yanzu saura kaɗan. A ɗaya daga ciki na sayi faifan ƙungiyar mawaƙa ta Culture mai suna Two Sevens Clash, saboda muryar jagoransu Joseph Hill da take kama da ta mai wa'azin kasuwa. Mai shagon ya ce ranar 7 ga watan 7 na 1977 mutane da yawa a Kingston sun ƙi fita daga gida saboda tsoron abin da waƙar ta yi hasashe. Ya sa mini shi a babbar sifika, kuma a nan na fara jin rege da ƙirjina. Rakodar Yaya ba ta iya fitar da kaurin jitar nan mai gurnani, wadda ita ce ginshiƙin kiɗan. Mai ganga kuma yana barin bugun farko fayau, sai a na uku ya sauke hannu, shi ya sa kiɗan yake tafiya kamar raƙumi, ba gaggawa ba tsayawa.

Asabar muka yi sammako zuwa arewa. Sabuwar hanya ta ratsa duwatsu ta sauke mu a bakin teku, muka shiga St Ann's Bay. Ƙaramin gari ne, amma nan aka haifi Marcus Garvey a 1887, mutumin da ya yi ta kiran baƙar fata na duniya su dubi Afirka. Gunkinsa yana tsaye a gaban ɗakin karatu na garin, hotonsa kuma yana kan kwabbansu na dala 20. Nan ne kuma garin Burning Spear. Na roƙi direba ya nemo Slavery Days a wayarsa, muka tsaya a gefen hanya muna kallon ruwa. Waƙar kusan tambaya ɗaya ce ake ta maimaitawa, ko kana tuna zamanin bauta. A Fagge mun ɗauke ta waƙar baƙar fata duka, mu da su a layi ɗaya, Bature a ɗaya gefen. A bakin tekun nan sai ta yi mini nauyi ta wata fuska. Ni ɗan Kano ne, kuma na san a Kasuwar Kurmi an sayar da mutane. Galibinsu arewa aka yi da su ta Sahara, amma wasu kudu aka gangara da su har bakin ruwa. Dattijon da ke gefena bai san garin kakanninsa ba, ni kuwa ina iya lissafa nawa har bakwai. Na gaya masa haka. Ya yi shiru, can ya ce ai shi ya sa ake waƙar, don kowa ya tuna nasa kason.

Hanyar Nine Mile hawa ce mai kwana-kwana, jar ƙasa, gonakin doya da ayaba a jikin tudu, 'yan ƙauye suna ɗaga hannu. Nan aka haifi Marley ranar 6 ga Fabrairu 1945, nan kuma aka kawo shi bayan sankara ta kashe shi a Miami ranar 11 ga Mayu 1981, yana da shekara 36. Akwai ɗan ɗakinsa mai gado ɗaya, da dutsen da yake matashi da shi, da ƙaramin ginin da kabarin yake ciki, inda ake cire takalmi. Ban daɗe ba. Baƙi sun yi yawa, hayaƙi ya yi yawa, masu zagayawa da mutane suna ta raha iri ɗaya da alama sun haddace ta. Abin da ya fi zauna mini shi ne ƙauyen kansa, da tunanin yaron da ya sauka daga wannan tudu zuwa gidan haya a birni, kamar dubban da ke sauka a tashar Kano kullum da buhu a ka.

A hanyar dawowa na fito da kaset ɗin na nuna wa direba. Motarsa ba ta da wurin sa kaset, sai ya karɓa yana karanta jan rubutun. Ya san Alpha Blondy, ya ce ai waƙarsa Jerusalem a can Kingston ya ɗauke ta a 1986 tare da makaɗan Marley. Majek Fashek ne bai sani ba, na ba shi labarin Send Down the Rain ta 1988 da yadda mutane suka laƙaba masa sunan mai kiran ruwa. Da ya juya ya ga Lucky Dube an jera har sau shida, ya buga sitiyari ya ce wannan nasu ne, ya gan shi da idonsa a babban wasan Sunsplash na 1991, kuma ranar da aka harbe shi a Johannesburg a 2007 an yi jimami a Jamaika. A arewacin Najeriya ban san mawaƙin rege da ya shiga gidaje kamar Lucky Dube ba. Turancinsa a fili yake, kuma maganarsa ta cikin gida ce: mashayin da giya ta mayar bawa, ɗan fursuna, yaron da ubansa ya tafi birni neman aiki bai dawo ba. Wannan ta ƙarshen, Remember Me, ita Yaya yake mayarwa baya da biro in batir ya yi sanyi. Direba ya nemo ta, muka gangaro tudun yana bi da muryarsa ta tsufa, ni kuma ina kallon taga.

Da muka iso inda waya ke kamawa, ƙarfe uku na rana, tara na dare ke nan a Kano, na kira matar Yaya. Bayan gaisuwa da tambayar yara na ce, "Anti, kin tuna waƙar nan ta ba mace ba kuka? Ashe ba haka take nufi ba. Cewa yake kar ki yi kuka."

Ta yi 'yar dariya ta ce, "Sai yau ka sani? Ku yake gaya wa haka a shago. Ni ran da na sayar da kwanukana, da ya dawo da daddare ita ya sa mini, ya ce ji abin da mutumin nan yake cewa, ki daina kuka."

Na rasa abin faɗa. Ta ce in gaida mutanen wurin, kuma in kula da kaset ɗin kada ya ɓata a hanya, don babban ɗansa ya riga ya ce nasa ne.